Yadda Ake Haɗa Sabar Miƙa Imel Don Firinta, Sikana da Manhajojin Ofis

Tambayar da masu kula da kwamfutocin ofis suka fi yi min a 'yan shekarun nan kusan iri ɗaya ce: sikana tana tura takarda ta imel lafiya ƙalau, rana ɗaya ta daina, kuma ba wanda ya taɓa ta. Galibi na'urar ba ta da laifi. Kamfanonin imel ne suka tsaurara shiga. Google ta hana manhajojin waje shiga da kalmar sirri zalla a asusun Gmail na kowa da kowa tun 2022, ta bi da na Workspace a 2025. Microsoft ma ta sanar cewa hanyar da za ta bi ke nan, kuma sabarta ta smtp.office365.com ba ta sauraron na'urar da ba ta iya TLS 1.2 ba, wato tsarin ɓoye saƙo yayin da yake kan hanya. Firintar da aka saya shekara goma da suka wuce ba ta san da wannan zance ba.

Maimakon a bi na'urori ɗaya bayan ɗaya ana fama, sai a kafa saba guda a cikin ofis wadda za ta karɓi saƙon kowace na'ura ta miƙa shi waje. Aikinta kamar na masinjan ofis ne: kowa ya ajiye wasiƙa a teburinsa, shi kaɗai ke riƙe da katin shiga gidan waya. Da Postfix, manhajar sabar imel, a kan tsarin Linux na Ubuntu ko Debian za mu yi aikin. A misalai zan yi amfani da example.com a matsayin domen, wato sunan da ke bayan @ a adireshin imel ɗin ofis, da 192.168.10.5 a matsayin adireshin sabar. Kai sai ka sa naka.

Abin da za ka tanada da inda kuɗi ke shiga

Ubuntu da Postfix kyauta ne. Sabar ba ta buƙatar ƙarfi: ƙaramar kwamfuta ko saba ta gaibu (virtual server) mai RAM 1 GB da faifai 10 GB ta wadatar da ofis mai na'urori da dama. Kuɗi yana shiga ne a wuri uku: adireshin IP na waje wanda ba ya canzawa, da yawancin kamfanonin intanet ke cajinsa daban, lasisin akwatin imel guda, idan hanyar da ka zaɓa tana buƙatarsa, da batirin UPS, domin saƙon da ke layin jira a kan faifai yake zaune. Kana kuma buƙatar izinin shiga shafin gudanar da imel na ofis da na DNS ɗin domen, wato inda ake rubuta bayanan domen ɗin don sauran sabobin intanet su gani. In ba ka da waɗannan biyun, nemo mai su tun yanzu, don a tsakiyar aiki za su tsayar da kai.

Masu tunanin yin aikin da tsohuwar sabar SMTP (tsarin aika imel) da ke zuwa cikin Windows Server su haƙura. Microsoft ta daɗe da daina inganta ta, kuma ta cire ta ɗungurungum daga Windows Server 2025.

Mataki na 1: Ƙidaya duk abin da ke tura imel

Ɗauki takarda ka zaga. Firinta da sikana su ne a bayyane, amma akwai waɗanda ake mantawa: na'urar naɗar bidiyon kyamarori, akwatin adana fayiloli na NAS, katin sadarwa na UPS, manhajar lissafi mai aika rasit, manhajar ajiyar kwafin bayanai mai aika rahoton dare. Ga kowacce rubuta abu huɗu: adireshin IP, adireshin imel ɗin da take aikawa da shi, ko ma'aikata kaɗai take turawa ko har mutanen waje, da kimanin yawan saƙo a rana.

Sannan ka ɗaure adireshin kowace na'ura a DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshin IP, don kada ya canza. Duk tsaron da za mu gina a kan waɗannan adireshi zai tsaya. Firintar da ta tashi da sabon IP bayan ɗauke wuta za ta daina aikawa, kuma wanda ya gaji tsohon adireshinta ya samu izinin da ba nasa ba.

Mataki na 2: Zaɓi hanyar fita kafin ka girka komai

A nan ake yin kuskuren da ya fi cin lokaci. Postfix zai iya kai saƙo kai tsaye ga sabar duk wanda aka aika wa, amma ban ba ka shawarar haka ba. Adireshin intanet na ofis ba shi da sunan da manyan masu imel suka amince da shi, sau da yawa ma yana cikin jerin adireshin da Spamhaus ta ware a matsayin waɗanda bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Saƙonka zai ƙare a akwatin tarkace ko a dawo da shi. Miƙa wa kamfanin da ke riƙe da imel ɗin ofis, shi ya isar.

Idan Google Workspace kuke amfani da shi, hanyar da aka tanada don wannan aiki ita ce smtp-relay.gmail.com. Ana kunna ta a shafin gudanarwa, ƙarƙashin Gmail, sashen Routing, wurin da aka rubuta SMTP relay service. Can za ka zaɓi cewa adireshin domen ɗinka kaɗai ke da izinin aikawa, ka sa IP ɗin ofis na waje, ka tilasta TLS. Canjin kan fara aiki da wuri, amma Google ta ce yana iya ɗaukar har awa 24. Akwai kuma smtp.gmail.com da kalmar sirri ta manhaja, wadda sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu ake samunta. Iyakarta saƙo 2,000 a rana ga asusun Workspace, 500 ga Gmail na kyauta.

Idan Microsoft 365 ne, hanyoyi uku ne. Ta farko shiga smtp.office365.com ta ƙofa (port) 587 da sunan akwati mai lasisi da kalmar sirrinsa. Iyakarta saƙo 30 a minti, masu karɓa 10,000 a rana, kuma ita ce hanyar da Microsoft ke shirin rufe wa kalmar sirri zalla, don haka kada ka gina sabon aiki a kanta in kana da zaɓi. Ta biyu turawa kai tsaye zuwa adireshin MX na domen ɗinka, wato sabar da ke karɓar imel ɗin domen, mai kama da example-com.mail.protection.outlook.com, ta ƙofa 25. Wannan ma'aikatan cikin gida kaɗai take isa. Ta uku, wadda na fi so, ita ce a ƙirƙiri Connector a Exchange admin center, ƙarƙashin Mail flow, wanda zai gane sabarka ta IP ɗinta na waje ko ta satifiket. Ba ta cin lasisi, ba kalmar sirri, kuma tana kai saƙo ga kowa.

Hanya ta ƙarshe ita ce kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Amazon SES, Mailgun da SendGrid, inda ake biya gwargwadon yawan saƙo. Sun dace da ofishin da IP ɗinsa ke canzawa ko manhajarsa ke aika rasit dubbai.

Gargaɗi: duk hanyar da ta dogara da ƙofa 25, gwada ta tukuna. Kamfanonin intanet da yawa suna toshe fita ta wannan ƙofa, haka ma Google Cloud, Azure da Amazon EC2 a tsarinsu na farko. Daga sabar ka buga:

```
nc -vz example-com.mail.protection.outlook.com 25
```

In ya tsaya shiru har ya gaji, an toshe. Ko ka nemi a buɗe maka, ko ka koma hanyar 587.

Mataki na 3: Shirya sabar

Ba ta adireshin cikin gida tsayayye da cikakken suna, kamar relay.example.com:

```
sudo hostnamectl set-hostname relay.example.com
timedatectl
```

Da wannan sunan za ta gabatar da kanta ga sabar waje, kuma Google takan kashe haɗin idan aka gaishe ta da suna irin localhost. Umarni na biyu na duba agogo ne. Tabbatar yana daidaita kansa da intanet, domin agogon da ya kauce sosai yana sa a ƙi satifiket, ka yi ta neman matsala a inda ba ta.

Mataki na 4: Girka Postfix

```
sudo apt update
sudo apt install postfix libsasl2-modules swaks
```

Zai tambaye ka irin tsarin da kake so. Zaɓi Internet with smarthost. Inda ya nemi System mail name, rubuta relay.example.com.

Gargaɗi: kada ka rubuta example.com zalla a wurin nan. In ka yi haka, Postfix zai ɗauka shi ne mai akwatunan domen ɗin gaba ɗaya. Saƙon da aka aika wa mutanen waje zai tafi, na ma'aikata kuma ya maƙale da amsar User unknown in local recipient table. Kada kuma ka tsallake libsasl2-modules. In babu shi, kalmar sirri ko daidai take ba za ta shiga ba.

Kafin ka taɓa fayil ɗin saiti, ajiye kwafinsa:

```
sudo cp /etc/postfix/main.cf /etc/postfix/main.cf.asali
```

Mataki na 5: Faɗa wa sabar wa za ta saurara

Buɗe /etc/postfix/main.cf ka gyara waɗannan layuka. Wanda ka tarar a ciki ka canza shi a inda yake, kada ka maimaita shi a ƙasa.

```
myhostname = relay.example.com
mydestination = $myhostname, localhost
inet_interfaces = 127.0.0.1, 192.168.10.5
inet_protocols = ipv4
mynetworks = 127.0.0.0/8, 192.168.10.21, 192.168.10.22, 192.168.10.40
smtpd_relay_restrictions = permit_mynetworks, reject_unauth_destination
smtpd_tls_security_level = may
```

Layin mynetworks ya fi duk sauran nauyi. Duk adireshin da ke cikinsa zai iya aika imel ga kowa a duniya da sunan ofishinka, ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Shi ya sa na jera na'urori ɗaya-ɗaya. Rubuta 192.168.10.0/24 ya fi sauƙi, ba musu, amma ma'anarsa kowace kwamfutar ma'aikaci da kowace wayar da ta hau Wi-Fi ɗin ofis ta samu wannan izini. Kwamfuta ɗaya da cuta ta kama ta isa ta zuba saƙonnin damfara ta sabarka cikin dare, gari ya waye an dakatar da asusunku, imel ɗin shugaban ofis ma ba ya fita. Ƙara layi ɗaya duk lokacin da aka sayo firinta bai kai wannan wahala ba.

Gargaɗi: kada 0.0.0.0/0 ya taɓa shiga layin nan, ko da na gwajin minti biyar ne. Kada kuma ka buɗe wa ƙofa 25 hanya daga intanet zuwa sabar a rauta. Masu neman buɗaɗɗiyar saba ba sa barci, manhajojinsu ne ke laluben adireshi dare da rana.

Sai katangar tsaro ta sabar kanta:

```
sudo ufw allow OpenSSH
sudo ufw allow from 192.168.10.21 to any port 25 proto tcp
sudo ufw enable
```

Maimaita layin tsakiya ga kowace na'ura. Layin farko dole ya riga na ƙarshe, in ba haka ba ka kulle kanka a waje idan daga nesa kake aiki.

Mataki na 6: Haɗa ta da sabar waje

Ga tsarin hanyar da ke buƙatar suna da kalmar sirri:

```
relayhost = [smtp-relay.gmail.com]:587
smtp_tls_security_level = encrypt
smtp_tls_CAfile = /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt
smtp_sasl_auth_enable = yes
smtp_sasl_password_maps = hash:/etc/postfix/sasl_passwd
smtp_sasl_security_options = noanonymous
```

Bakan da ke kewaye da sunan sabar suna da aiki: suna hana Postfix neman MX na wannan suna, ya tafi wurinta kai tsaye. Lura kuma da bambancin smtp da smtpd a farkon layuka. Mai harafin d ya shafi saƙon da ke shigowa daga na'urori, marar d ya shafi wanda ke fita. Harafi ɗaya ne, amma mutane da yawa sun ɓata yini a kansa.

Ƙirƙiri fayil /etc/postfix/sasl_passwd mai layi ɗaya:

```
[smtp-relay.gmail.com]:587 sanarwa@example.com:kalmarsirri
```

Sannan:

```
sudo chmod 600 /etc/postfix/sasl_passwd
sudo postmap /etc/postfix/sasl_passwd
sudo chmod 600 /etc/postfix/sasl_passwd.db
sudo postfix check
sudo systemctl restart postfix
```

Gargaɗi: ɓangaren hagu na layin dole ya zo daidai da yadda ka rubuta relayhost, har baka da lambar ƙofa. Kuma Postfix ba ya karanta fayil ɗin da ka rubuta, wanda postmap ya samar yake karantawa. Duk ranar da ka canza kalmar sirri ka manta postmap, da tsohuwar zai ci gaba da ƙwanƙwasawa. Layin noanonymous ma wajibi ne, domin a tsarinsa na asali Postfix yana ƙin hanyoyin shiga irin PLAIN da LOGIN, waɗanda su ne yawancin kamfanoni ke bayarwa a cikin TLS.

Idan ta IP ake gane ka, wato Connector na Microsoft ko tsarin Google marar kalmar sirri, kada ka sa layukan sasl uku ko kaɗan. Ga Microsoft relayhost zai zama adireshin MX ɗinka da ƙofa 25. Idan kamfaninka ƙofa 465 kawai yake bayarwa, ƙara smtp_tls_wrappermode = yes. A wannan karon restart ake yi, domin reload ba ya ɗaukar canjin inet_interfaces.

Mataki na 7: Gyara adireshin mai aikawa

Na'urori suna zuwa da adireshi na ban mamaki: root@localhost, scanner@printer.local, wani lokaci ma adireshin Gmail na wanda ya girka ta. Sabar waje ba za ta karɓi irin waɗannan ba. Mafi kyau a gyara a kan kowace na'ura, amma wasu ba su da wurin gyarawa. Ga irinsu sai Postfix ya sauya da kansa:

```
sender_canonical_maps = regexp:/etc/postfix/sender_canonical
sender_canonical_classes = envelope_sender, header_sender
local_header_rewrite_clients = permit_mynetworks
```

A cikin /etc/postfix/sender_canonical:

```
/.+/ sanarwa@example.com
```

Layi na uku shi ake yawan mantawa. In babu shi, Postfix zai sauya adireshin da ke kan ambulan amma ya bar wanda mai karɓa ke gani a wurin From, tunda saƙon daga wata na'ura ya zo. Fayil na regexp ba ya buƙatar postmap, reload ya isa.

Ka sani wannan doka tana shafe kowa, har manhajar lissafin da kake so ta riƙa aikawa da rasit@example.com. Idan haka ne, taƙaita ta ga adireshin banza kawai, misali /@.*\.local$/. Kuma sanarwa@example.com ya zama akwati na gaske da wani ke dubawa, domin can duk saƙon da aka dawo da shi zai sauka.

Mataki na 8: SPF, DKIM da DMARC

Ukun nan hanyoyi ne na tabbatar da cewa saƙo daga domen ɗinka ya fito: SPF jerin sabobin da aka yarda su aika da sunansa, DKIM sa hannu a kan saƙo, DMARC kuma umarnin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwajin. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman kowane mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM, wanda kuma ke aika sama da saƙo 5,000 a rana sai ya haɗa duka biyun da DMARC. Yahoo ma ta kafa dokoki irin waɗannan a lokaci guda. Tunda ta kamfanin imel ɗinka kake fita, aikin kaɗan ne. Duba rubutun TXT na domen ɗinka. Na Google:

```
v=spf1 include:_spf.google.com ~all
```

Na Microsoft mai Connector, da IP ɗin ofis a ciki:

```
v=spf1 ip4:203.0.113.10 include:spf.protection.outlook.com -all
```

Gargaɗi: domen ɗaya, SPF ɗaya. In ka tarar da wani, gyara shi za ka yi. Guda biyu suna ɓata juna, sai ya zama gara babu. Haka kuma binciken DNS da SPF zai jawo kada ya wuce 10. Kowane include yana cin aƙalla ɗaya.

DKIM a shafin gudanarwar kamfanin ake kunna shi, su ba ka abin da za ka sa a DNS, su riƙa sa hannu a madadinka. DMARC ka fara da p=none, ka duba rahotanni na 'yan makonni kafin ka tsaurara.

Mataki na 9: Gwada daga sabar, kafin ka je wurin firinta

Buɗe taga biyu. A ɗaya ka bar log, wato rajistar abin da sabar ke yi, yana gudana:

```
sudo tail -f /var/log/mail.log
```

A Debian 12 fayil ɗin ba ya nan sai an girka rsyslog; ko ka yi amfani da journalctl -f, ko ka sa maillog_file = /var/log/postfix.log a main.cf. A ɗaya tagar, aika saƙon gwaji da swaks:

```
swaks --server 127.0.0.1 --from sanarwa@example.com --to wani@example.com
```

Abin da kake nema a log layi ne mai kama da wannan:

```
to=<wani@example.com>, relay=smtp-relay.gmail.com[...]:587, dsn=2.0.0, status=sent (250 2.0.0 OK ...)
```

Karanta shi daga dama. Lambar 250 amsar sabar waje ce cewa ta karɓa, status=sent shaidar Postfix ce cewa ya sauke nauyi, relay kuma yana nuna ta inda saƙon ya bi. Idan ka ga relay=local, koma Mataki na 4. Sake gwadawa zuwa wani adireshin waje, ka buɗe asalin saƙon a can ka tabbatar an rubuta pass a gaban spf da dkim.

Sai gwaji na biyu, wanda yawancin mutane ba sa yi: tabbatar da cewa sabar tana iya cewa a'a. Maimaita umarnin swaks, amma ka sa --server 192.168.10.5 da adireshin mai karɓa na waje. Da yake adireshin sabar kanta ba ya cikin mynetworks, dole ka ga 554 5.7.1 Relay access denied. In saƙon ya wuce, dakata da komai ka koma Mataki na 5.

Mataki na 10: Saita na'urorin

Shiga shafin kowace na'ura ta burauza da adireshinta, ka nemi sashen SMTP ko E-mail. A wurin SMTP Server sa 192.168.10.5, Port 25, Authentication a kashe, adireshin mai aikawa na domen ɗinka. Na fi son sa lambar IP a kan suna, domin firintoci da yawa ba a saita musu DNS daidai ba. Share tsohon suna da kalmar sirri da ke ciki. Wasu na'urori in sun ga an cike gurbin sai sun gwada shiga da su, sabar ta ce ba ta san zancen ba, su fasa aikawa.

Batun TLS tsakanin na'ura da saba: kunna STARTTLS in na'urar ta yarda. Satifiket ɗin da Ubuntu ke sakawa da farko na sa-hannun-kai ne, wasu na'urori za su ƙi shi. Ko ka kashe tantance satifiket a na'urar, ko ka girka na gaske, ko ka kashe TLS ɗin. In ka kashe, takardun suna tafiya a buɗe a cikin ofis, don haka inda ake sikanin takardun albashi ko na asibiti ya kamata na'urorin da sabar su zauna a VLAN nasu daban, wato keɓantaccen sashe na hanyar sadarwar ofis.

Fara da na'ura ɗaya, idonka a kan log, kafin ka wuce ta gaba. Maɓallin Test na wasu firintoci haɗi kawai yake dubawa, don haka sa takarda ta gaske ka tura.

Mataki na 11: Girman saƙo da saurin aikawa

Iyakar Postfix ta asali bayit 10,240,000 ce, wajen MB 10. Kuma fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka liƙa shi a imel, don haka PDF mai MB 8 ya riga ya tsallake iyaka. Ɗaga ta:

```
message_size_limit = 36700160
```

Wuce haka ba shi da amfani sosai, tunda Gmail ba ya aika abin liƙawa da ya haura MB 25. Gyaran gaske a kan sikana yake: 200 dpi da launin toka sun ishi takardar ofis, 600 dpi mai launi kuwa shafi kaɗan ne zai cika ma'auni.

Idan hanyarka tana da iyakar saƙo 30 a minti, sa tazara:

```
smtp_destination_rate_delay = 2s
```

Don kariya daga manhajar da ta rikice ta shiga aika saƙo ɗaya ba ƙaƙƙautawa, sa iyakar saƙo 60 a minti ga kowace na'ura:

```
smtpd_client_message_rate_limit = 60
smtpd_client_event_limit_exceptions = 127.0.0.0/8
```

Layi na biyu dole ne, domin a tsarin asali duk wanda ke cikin mynetworks an yafe masa wannan iyaka, wato daidai waɗanda kake son taƙaitawa.

Mataki na 12: In saƙo bai isa ba

Tambaya ta farko kullum ita ce: na'urar ta bayyana a log? Idan babu layin connect from da adireshinta, matsalar ba ta kai ga Postfix ba. Duba IP ɗin na'urar, katangar tsaro, da inet_interfaces. Idan ta bayyana, amsar tana rubuce:

Relay access denied: adireshin na'urar ba ya cikin mynetworks, ko ya canza.

No worthy mechs found ko no mechanism available: babu libsasl2-modules, ko an manta noanonymous.

535 da maganar Username and Password not accepted: kalmar sirri ba daidai ba, ba a yi postmap ba, ko an sa kalmar sirrin asusu inda ake son ta manhaja. A Microsoft, duba ko an kunna Authenticated SMTP ga akwatin, kuma ko Security defaults bai toshe shi ba.

5.7.60 ko SendAsDenied: kana aikawa da adireshin da akwatin da ka shiga da shi ba shi da izininsa. Mataki na 7.

552 5.3.4 Message size exceeds fixed limit: Mataki na 11.

Connection timed out tare da status=deferred: an toshe ƙofar fita ko intanet ya yanke.

Kalmar deferred ba asara ba ce. Postfix yana riƙe saƙon yana sake gwadawa har kwana 5 kafin ya mayar. Duba layin jira da postqueue -p, in ka gyara matsalar ka tura su da postqueue -f. Umarnin postsuper -d ALL yana share komai ba tambaya, kuma ba a dawo da abin da ya share; kada ka buga shi sai ka duba abin da ke ciki. Idan log ya ce sent amma mutum ya ce bai gani ba, saƙon ya bar hannunka: a duba akwatin tarkace, sannan a bi sawunsa da Message trace a Microsoft ko Email Log Search a Google.

Mataki na 13: Kulawa bayan an gama

Kunna unattended-upgrades don gyaran tsaro ya riƙa shiga da kansa. Girka pflogsumm ya riƙa haɗa maka taƙaitaccen rahoton yini. Firintar da ta saba aika saƙo 40 ta wayi gari da 4,000 za ta fito fili a ciki. A /etc/aliases ka juya saƙon root zuwa akwatin da kake dubawa, ka buga newaliases.

Wanda zai sanar da kai cewa sabar ta mutu kada ya dogara da ita wajen aika sanarwar. Sa manhajar sa-ido ta riƙa taɓa ƙofa 25 da ƙirga layin jira, ta kuma faɗakar da kai ta wata hanya daban, kamar saƙon waya.

Ajiye kwafin /etc/postfix a wuri mai tsaro, ka tuna akwai kalmar sirri a ciki. Haɗa shi da takardar Mataki na 1 da abin da postconf -n ya fitar. Ranar da aka canza kamfanin intanet, IP ɗin waje zai canza, sai a gyara shi a Connector ko shafin Google da kuma SPF kafin a cire tsohon layi. Ranar da aka yi ritayar wata na'ura kuma, a cire adireshinta daga mynetworks, daga ufw, da daga DHCP, sannan a buga systemctl reload postfix.